Ɗakin yanka nama a gilashi a Birnin Kebbi: abin da na gani

Ɗaliban da ke aikin kammala karatu a kan ɓeraye suna yawan tambayata inda za su kai nama a yanka musu shi a ɗora a gilashi don dubawa a madubin ƙara girma (maikuroskof). Akwai wani ƙaramin ɗakin gwaji mai zaman kansa a cikin Birnin Kebbi da nake tura su, na wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin asibiti. Ba zan kama suna ba, domin akwai yabo akwai kuma ƙorafi.

Abin da muka kai masa bana shi ne maɓuɓɓugar yawu ta ƙarƙashin muƙamuƙin ɓera, a cikin ruwan fomalin, mai hana nama ruɓewa. Kafin ya karɓi kwalba ko ɗaya sai da ya tsare ɗalibata da tambaya: "'Yata, wanne ne na namiji, wanne ne na mace? Kuma makonsu nawa da haihuwa?" Da ta ce ai duk ɓeraye ne, sai ya tura mata kwalaben ya ce ta koma ta duba littafinta. Wannan tambayar ce ta sa nake ba shi aiki, don a wannan gaɓar ta jikin ɓera, wanda bai raba maza da mata ba ya zubar da kuɗinsa.

Tun 1940 wani masani ɗan Faransa, Antoine Lacassagne, ya bayyana cewa maɓuɓɓugar namiji da ta mace ba ɗaya ba ce. A cikinta akwai wasu murɗaɗɗun bututu masu cike da ƙwayoyi. A jikin namijin da ya balaga bututun nan manya ne, sun cinye fili mai yawa. A jikin mace sirara ne, ƙwayoyinsu kaɗan. Sinadarin mazantaka, testosteron, shi ke hura su. In aka fiɗiye ɓera sai su motse su koma kamar na mace, yadda taure ke rasa warin bunsuru da zafinsa. In kuma aka yi wa mace allurar testosteron sai nata su kumbura. Sinadarin da ke fitowa daga maƙoshi, tayirod, shi ma yana da hannu a girmansu. Kafin balaga kuwa bambancin bai fito sosai ba, shi ya sa Baba ke tambayar makonni.

To, aikinsa ya nuna wannan? Ya nuna ƙwarai. Yana daskarar da naman a cikin kaki, ya yanka shi siriri, kaurin maikuron 5 (maikuron dubu ne milimita ɗaya), sannan ya rina da rini biyu, hematoksilin da iyosin. Da na ɗora gilashin namiji a ƙarƙashin madubi, bututun sun fito jajaye-jajaye, ƙwayoyin sun cushe a saman kowane tantani, cibiyar tantanin kuma, mai launin shuni, an danne ta can ƙasa. Na zare shi na sa na mace: fili ya koma na ƙananan buhunan da ke tatso yawu, bututun sai an nema. Ɗalibar da ba ta taɓa ganin wannan ba ta raba su da kanta ba tare da ta karanta rubutun jikin gilashin ba. Rinin bai yi kauri ba, bai kuma koɗe ba, kuma wannan hannu ne, ba inji ba.

Na ga yadda yake fama da zafin Afrilu. Kaki yana laushi a irin zafinmu, wuƙa sai ta riƙa tattara shi maimakon yankawa. Shi kuwa sai ya kifa dunƙulen a kan ƙanƙarar da ya sayo a kula, ya jira, ya yanka da sassafe kafin rana ta ɗaga.

Wani zai ce yawun ɓera har wani abu ne? A cikin bututun nan na namiji Stanley Cohen ya samo sinadarin da ke sa jijiyoyi girma, NGF, da yawan gaske, bayan ya ci karo da shi a dafin maciji. A 1962 kuma ya tace wani, EGF, wanda ke sa jariran ɓeraye buɗe ido da fitar da haƙori kafin lokaci. Shi da Rita Levi-Montalcini 'yar Italiya suka raba kyautar Nobel a 1986. Sai dai ɗalibai su kiyaye: ɗan Adam ba shi da irin waɗannan bututun, kada a rubuta cewa haka abin yake ga maza da matan mutane.

Yanzu ƙorafi. Yaron da ke taimaka masa yana rubuta lamba da alƙalamin maka a jikin gilashi, sinadarin wanki kuma yana cinye ta. Gilasai biyu sun dawo mana babu shaida, kuma daga rukunin fiɗiyayyu ne ko na mata, ido kaɗai ba zai rantse ba. Baba ya sake yankawa daga dunƙulen kakin bai karɓi ko kwabo ba, amma fensir ya kamata a yi amfani da shi tun farko. Wasu gilasan akwai kumfar iska a ƙarƙashin murfi, ɗaya kuma naman ya ninke a gefe.

Alkawarin lokaci ma sai an yi haƙuri. In babu wuta, aiki ya tsaya. Kuɗinsa a kan kowane gilashi yake lissafawa, kuma ya fi sauƙi a kan ɗaukar kwalabe zuwa Sakkwato. Ba shi da kyamara a jikin madubinsa, saboda haka mai son hoton da zai sa a kundinsa ya nemi wani wurin, ko ya iya daidaita wayarsa a bakin madubi.