Mai ƙera cip da mai haɗa kwamfuta: wa ƙarancin kaya ya fi bugawa?

Malam, ka tambaya cewa in cip (ɗan ƙaramin na'urar lantarki da ke sarrafa bayanai ko ajiye su a cikin kwamfuta da waya) yayi ƙaranci ai duk kamfanonin ya kamata su ji jiki tare, to me yasa hannun jarin wasu ke hawa na wasu yana zubewa. Gaskiya ba matsayinsu ɗaya ba.

Akwai masu ƙera cip ɗin, irinsu TSMC na Taiwan, Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu, da Micron na Amurka. Akwai kuma masu saye su haɗa kwamfuta su manna tambarinsu, HP, Dell, Lenovo. Kamar mai fulawa ne da mai gidan burodi, ranar da fulawa tayi wuya a kasuwar Singa ta Kano mai ita ke yanka farashi, mai burodi kuwa in ya ƙara kuɗi a guje shi, in bai ƙara ba ya ci uwar kuɗinsa.

Mai haɗawa ribarsa dama ƙalilan ce, kuma ƙaramin cip guda ɗaya in babu shi laftof gaba ɗaya bazai fita daga masana'anta ba, ko da sauran kayan na jibge. A Nuwamban 2019 Dell ya rage hasashen cinikinsa saboda Intel, mai ƙera cip, ya kasa bashi isasshen furosesa, wato cip ɗin da ke zaman ƙwaƙwalwar kwamfuta. Apple ma da duk ƙarfinsa, a Oktoban 2021 yace ƙarancin kaya ya jawo masa asarar cinikin kusan dala biliyan 6 cikin wata uku. Masu zuba jari kuma hasashen gaba suke kallo, da sunji ance ga masu saye amma ba kaya sai su fara janye kuɗinsu.

Mai ƙerawa shi lokacin ne kakarsa ke yanke saƙa. Samsung, SK Hynix da Micron su uku ke riƙe da kusan duk kasuwar ram (cip ɗin da ke riƙe bayanan da kwamfuta ke aiki da su) ta duniya, da suka karkata ga manyan kwamfutocin da ke gudanar da AI a 2025 sai ram ɗin kwamfuta yayi tsada sosai, kuma ba wanda zai cike giɓin da wuri tunda gina masana'antar cip shekaru yake ɗauka da biliyoyin daloli.

Amma wallahi kar kace nan ne tudun mun tsira. Bayan korona kaya sunyi yawa, masu saye suka ja baya, a 2023 sashen cip na Samsung asara ya tafka har ya rage ƙera kaya. Intel kuma a Agustan 2024 hannun jarinsa ya faɗi kashi 26 cikin ɗari a rana guda. Ni a ganina mai haɗawa ya fi saurin jin zafin ƙaranci, mai ƙerawa kuwa faɗuwarsa ta fi muni in kasuwa ta cika.

Mu abin da ya fi damuna shine ɗalibai da masu ƙananan shaguna, don in sabuwa tayi tsada a can, tokumbon kasuwar Beirut Road ta Kano ma sai ta bi, ga dala a kai.