Tsakanin Stephen da Dantala: wanne ya fi dacewa da nazarinki?

'Yar'uwa, kin ce kina ajin ƙarshe a sashen Turanci a Gombe, kuma kina son rubuta kundinki a kan yadda tarbiyyar addini ke karo da sha'awa lokacin balaga, amma kin rasa zaɓi tsakanin A Portrait of the Artist as a Young Man na James Joyce da Born on a Tuesday na Elnathan John.

Littafin Joyce, wanda ya fito a 1916, a kan batunki aka gina shi tun daga tushe. Stephen, jarumin littafin, ya tashi a makarantun limaman Katolika a ƙasar Ireland, ya fara zuwa wurin karuwai yana matashi, sannan ya saurari wa'azi a kan azabar wuta wanda ya firgita shi har ya je ya furta zunubansa gaban limami. Daga nan ya tsananta wa kansa ibada, yana hana idonsa kallo, yana sa hancinsa jure wari, har aka yi masa tayin zama limami, ya ƙi. Babi na uku kaɗai ya ishe ki hujja, domin a nan ne tsoro da sha'awa ke kokawa a zuciya guda.

Dantala kuwa, jarumin littafin Elnathan John, almajiri ne da rikicin zaɓe ya kora zuwa Sakkwato, inda Sheikh Jamal ya riƙe shi. Yana son Aisha, 'yar Sheikh Jamal, yana kuma fama da abin da jikinsa ke nema, amma yunwa da siyasa da rikicin ƙungiyoyin addini sun fi cin shafukan littafin. Bambanci mafi girma shi ne Stephen ya bar addininsa ya bar ƙasarsa, shi kuwa Dantala bai taɓa juya wa imaninsa baya ba.

Na san zuciyarki za ta karkata ga Dantala saboda allo da masallacin da kika sani, sai dai wannan sanin yakan sa ɗalibi ya koma yin sharhi a kan almajiranci, ya bar littafin a gefe. A ganina ki riƙe Joyce a matsayin ginshiƙi, duk da nauyin Turancinsa, ki ware babi ɗaya ki kwatanta yaran biyu, kuma ki fara nuna wa mai duba aikinki wannan tsari kafin ki soma rubutu.