Shagon da ke bayan PZ da koyil ukun da na ƙona kafin in same shi

Bari in fara da abin kunyar tukunna. Sana'ata wayarin ce, sama da shekara goma ina haɗa wutar gidajen mutane a Zariya, daga Samaru har Tudun Wada, wat da om, wato ma'aunin ƙarfin wuta da na turjiyar waya, su ne abincina kullum, amma wallahi koyil uku (ƴar wayar nan mai auduga da ke dafa ruwan ya zama hayaƙi) na ƙona cikin kwana biyar a kan sigarin lantarki, wannan ɗan abin da bai kai tsawon tafin hannuna ba. Sai da wani yaro da na girme da kusan shekara goma ya zaunar da ni a kan benci ya karantar da ni, shi ya sa na ce bari in rubuta yadda shagon nasu yake saboda masu irin matsalata.

Ni dai taba na sha shekara goma sha huɗu, kwali ɗaya a rana, wani lokacin ya wuce idan aiki ya yi zafi. Mu da muka tashi muna wucewa ta gefen kamfanin taba na Chikaji ba mu ɗauke ta a bakin komai ba, sai da tari ya fara tashina da asuba kuma uwargida ta fara raba mana wajen shanya kaya. Wani abokin aiki ya ce in gwada sigarin lantarki, wanda yara ke ce ma shishar aljihu. Na yi oda wajen wani mai saidawa a intanet daga Legas, ya turo mini inji mai suna Voopoo Drag S da kwalba ɗaya ta ruwan da ake zuba masa, ba bayani ba komai, ko da na tambaye shi yadda ake saitawa cewa ya yi "just fill and enjoy" ya kashe data. Toh na cika tanki, ban jira ko minti ɗaya ba, na cire injin daga saitin da yake zaɓar maka wat da kansa don ina ganin ni injiniya ne, na murɗa shi har 60 wanda shi ne ƙarshensa, na zuƙa. Jama'a kun taɓa shaƙar hayaƙin tsumma da aka ƙona? Haka na ji har cikin ƙwaƙwalwa, ga jiri, ga tashin zuciya, sai da na zauna a ƙasa a gidan mutane da nake wa aiki a Hanwa, maigidan yana tambayata ko wuta ce ta ja ni.

Shagon da nake magana ɗan ƙarami ne, yana cikin layukan nan na bayan PZ inda masu kayan waya suke, rabinsa ma caja da iyafis da gilashin waya ake saidawa, kayan zuƙan suna cikin wani shokes a gefe ɗaya. Ba za ka ce akwai abin kirki a ciki ba. Na shiga ne kawai in sayi koyil na huɗu in ƙara gwadawa, idan ya ƙi in jefar da abin in koma wa kwalina.

Abin da ya fara burge ni, yaron bai miƙo mini koyil ba, tambaya ya yi. "Babban yaya, da can me kake sha, kuma kara nawa a rana?" Na faɗa mishi. Ya ce in ba shi kwalbar ruwan, ya juya bayanta, sai ya yi dariya ya ce "yaya ai Allah ne ya tsare." Ashe ruwan da aka turo mini irin mai ƙarfin nan ne da ake ce wa gishirin nikotin, miligiram 50 a kowane mililita, ni kuma na haɗa shi da koyil mai om 0.3 wanda aka yi don tara hayaƙi kamar tukunyar shisha. Irin wannan koyil ɗin ruwa mai nikotin kaɗan yake so, 3 ko 6, saboda a zuƙa ɗaya yana dafa ruwa mai yawa. Mai 50 ɗin nan kuwa na ƙananan inji ne masu ƙaramin wat, ya ce a Ingila ma doka ba ta yarda a saida abin da ya wuce 20 ba. Kenan jirin da na ji ba aljanu ba ne, nikotin ne ya yi mini yawa a lokaci ɗaya.

Daga nan ya ɗauko koyil ya nuna mini wani ɗan rubutu a jikinsa wanda ni ban taɓa lura da shi ba don sai ka kanne ido. Kowane koyil an rubuta om ɗinsa da iyakar wat ɗin da yake ɗauka. Nawa mai 0.3 an rubuta 32 zuwa 40, ni kuma na ba shi 60. Mai 0.6 yana tsakanin 20 da 28, mai 0.8 kuma 12 zuwa 18. A nan ne kunya ta kama ni sosai, domin lissafin nan na san shi tun ina yaron shago: wat shi ne bolt sau bolt a raba da om, idan om ya yi ƙasa wuta ta fi gudu a wayar, zafi ya ƙaru. Da wani ne ya sa wa kwan fitila wutar da ta fi ƙarfinsa da na zage shi tas. Amma da yake abin sha ne sai na ɗauka yawan lamba shi ne daɗi, kamar yadda yara ke ƙure ƙarar rediyo.

Ya ce tunda daga taba na fito, bakina ya saba da zuƙa mai matsi, a tara a baki tukunna sannan a wuce da shi ƙirji, don haka mai 0.8 ya dace da ni, da ruwan da ba shi da kauri. Nan ma wani karatun ne. Ruwan abu biyu ne ake haɗawa, PG da VG, VG ɗin shi ne mai kauri kamar zuma kuma shi ke kawo hayaƙi, PG tsinkakke ne kuma shi ke ɗauko filebo, wato ɗanɗano, da ɗan kartar maƙogwaro da mai shan taba yake nema. Ƙaramin koyil ramukan audugarsa ƙanana ne, idan ka zuba mai 70/30 ba ya shiga da wuri sai audugar ta bushe ta ƙone, shi 50/50 yake so. Babban koyil kuma idan ka ba shi tsinkakke sai ya yi ta yoyo yana tofo maka ruwa a baki. Ya ƙara da wani abu da na tabbatar da kaina daga baya, wai lokacin hunturu idan sanyin Zariya ya sauko ruwan yana ƙara kauri da safe, sai ka ɗan riƙe abin a hannu ko aljihu ya ji ɗumi, a bazara kuma kar ka bar shi cikin mota ko a rana don zai tsinke ya zube maka a wando.

Sai wajen jiƙa koyil, wanda shi ne ainihin abin da ya kashe mini ukun farko. A gabana ya yi, a hankali, kamar mai koya wa ɗan firamare. Ya ɗiga ruwa a kan kowace tagar da farar audugar ke leƙowa, ɗigo ɗaya ɗaya, ya ɗiga biyu ta sama, ya tura koyil ɗin ya zauna daram, ya cika tanki ya rufe, sannan ya ajiye abin a tsaye a kan shokes ya ce kar in taɓa sai bayan minti goma. Muka yi ta hira, ya saida wa wata baiwar Allah caja, ya dawo. Ya ce in ja sau uku ba tare da na danna maɓallin ba don ruwan ya ƙara ratsa audugar. Sannan ya sa wat a 10, ƙasa da abin da aka rubuta, na yi gajerun zuƙa kamar biyar, ya ƙara zuwa 12, zuwa 13, a haka har muka kai 15 na ce nan ya yi mini, ya ce toh nan ne wajenka, kar ka ƙara don ganin wani. Auduga idan ta ƙone sau ɗaya shikenan, ko ka wanke ko ka yi mata addu'a ɗanɗanon ƙaurin ba ya fita, kuma wannan ƙaurin ba rashin daɗi ne kawai ba, abubuwa masu cutarwa kake shaƙa idan koyil ya yi zafi babu ruwa.

Wannan koyil ɗin da ya saita mini kwana goma sha biyu ya yi. Na biyun bai kai haka ba, kwana bakwai, amma laifina ne don na sayi wani filebo mai zaƙi kamar alawa, shi kuma zaƙin nan yana daskarewa a jikin wayar ya yi baƙi kamar gindin tukunya. Batir ma ya huta, a wat 15 caji ɗaya yana kai ni har dare, wanda duk mai zama a unguwarmu ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne da yadda wuta take.

Yanzu abin da bai yi mini ba, don kar a ce talla nake. Kayansu da tsada, koyil ɗaya na samu bambancin kusan dubu ɗaya tsakaninsu da abin da ake faɗa a Kano, kuma ba sa ragi ko sisi, na yi ta ciniki yaron yana murmushi kawai yana cewa oga ne ya sa farashi. Na biyu, kaya na yanke musu. Akwai wani tanki na daban mai siririn baki da aka yi musamman don zuƙa irin ta taba, sati uku ina zuwa ana ce mini yana hanya, har yau da tankin da ya zo da injin nake amfani, na rufe iskar kusan duka, yana yi dai amma da ɗan sako-sako. Na uku kuma wanda ya fi ba ni haushi, duk wannan ilimin a kan mutum ɗaya yake. Ranar da na je ban same shi ba, ƙaninsa ne a shagon, na ce a ba ni 0.8 ya miƙo mini 0.2 yana cewa ai duk ɗaya ne tunda suna shiga rami ɗaya. Da sabon shiga ne ya karɓa ya tafi ya sa ruwa mai gishirin nikotin a kai, abin da ya same ni a Hanwa zai same shi. Idan za ku je ku tambayi babban, yawanci bayan la'asar yana nan. Wajen ajiye mashin ma babu, sai ka roƙi mai shayin bakin layi ya duba maka.

Abu ɗaya da na gani da idona ya sa na ƙara ganin girmansa. Wasu yara biyu suka shigo da rigar makaranta a jaka, ɗaya ya ce a ba shi mai ɗanɗanon mangwaro, ya kalle su ya ce su fita, babu ko ciniki. Dokar taba ta 2015 ta hana saida wa wanda bai kai 18 ba, amma mun san yadda ake yi da doka a kasuwa, shi dai bai saida ba. Ni ma da muna hira ya ce mini idan mutum bai taɓa shan taba ba kar ya fara wannan, nikotin ɗin da ke kama mai sigari shi ne dai a ciki. Ya kuma ja mini kunne in ɓoye kwalbar ruwan inda yara ba za su kai ba, tunda ƙamshinta kamar alawa kuma guba ce idan yaro ya sha, tawa tana cikin akwatin kayan aiki da kwaɗo. Masu injin da ake cire wa batir kuma, irin 18650 ɗin nan, ya ce kar a jefa batirin tsirara a aljihu tare da makulli, wannan kam ban buƙaci bayani ba don na san abin da shot yake yi.

Wata huɗu kenan ban kunna kara ba, banda sau biyu a wani biki a Sabon Gari da ba zan yi ƙarya ba. Malaminmu na unguwa dai ya ce mini canjin riga ne kawai na yi, ban kuma yi mishi gardama ba. Daga 50 ɗin can na sauko 20, yaron ya ce idan na ƙara wata biyu a haka mu gwada 10, koyil ɗin dai 0.8, wat 15. Ranar Asabar zan leƙa in ga ko tankin nan ya iso daga hanyar da ya kwana sati uku a kai.