Gidan hutun da muka kama a Shetland: wuri ya yi kyau, amma tagar rufin nan ta cuce mu

Na daɗe ina son rubuta wannan sharhin, sai na ce bari zuciyata ta huce tukuna kada in zalunci baiwar Allah mai gidan. To yau sati uku kenan da dawowarmu kuma ban huce ba, don haka ga shi nan yadda abin ya faru.

Mu a Aberdeen ta Scotland muke zaune, yaranmu uku, babbar shekararta 9, na tsakiya 6, sai auta da bai cika uku ba. Abbansu ya taɓa yin aikin 'yan watanni a tashar mai ta Sullom Voe, tun daga nan ya ishe mu da labarin Shetland, tsibiran da ke can arewa da Scotland inda tashar take, wai sai ya kai mu mun gani da idonmu, wai duk inda ka tsaya a tsibirin ba ka fi mil uku nisa da teku ba. Ni dai Kano na so mu je hutun bana in ga Hajiya, amma kowa ya san abin da tikitin mutum biyar ya koma, sai na haƙura. Tun Fabrairu na kama mana ɗakin kwana a jirgin ruwa da wurin mota, don waɗanda suka riga mu zuwa sun ja min kunne cewa na lokacin hutun makaranta da wuri suke ƙarewa, wanda ya yi sanya a kujera zai kwana shi da 'ya'yansa. Sannan na kama wannan gidan na kwana bakwai a ɓangaren kudu na babban tsibirin, satin farko da rufe makaranta a watan Yuli.

Abu ɗaya tak na tambayi matar kafin in tura kuɗi. Ban tambayi intanet ba, ban tambayi injin wanki ba, cewa na yi akwai labule mai kauri wanda ke toshe haske a ɗakunan kwana? Don ko a nan Aberdeen in bazara ta yi sai bayan goma na dare rana ke faɗuwa, kuma na san halin auta, in dai ya ga haske to shi gari ya waye. Ta ce min, a rubuce, ina da saƙon har yanzu, wai duk ɗakunan kwana suna da labule. Ni kuma da wautata ban lura cewa ba ita ce amsar tambayata ba.

Jirgi ya tashi daga Aberdeen ƙarfe 7 na yamma, muka sauka Lerwick, babban garin Shetland, bakwai da rabi na safe, teku ta yi mana adalci ba wanda ya yi amai sai ni da na ɗan ji jiri. Gidan kuma sai huɗu na yamma ake ba da makulli, sai muka ɓata lokaci a gidan tarihi na Lerwick, kyauta ake shiga, muka yi cefane muka kama hanya. Da muka isa wallahi sai da na ce masha Allah. Gida tsaf, kicin ɗin ya fi nawa na gida, hita na aiki, daga falo kana hango teku da tumaki birjik a kan tudu, ba bishiya ko ɗaya sai ciyawa kore shar. Na zuba naman halal ɗin da na taho da shi cikin kula a firji, na ajiye butarmu a banɗaki, na ce to hutu ya fara.

Sai da na hau sama kai kayan yara na ga abin. Ɗakin yaran a cikin rufi yake, irin mai bango a karkace ɗin nan, yana da 'yar ƙaramar taga a gefe mai wani labule fari sharashara kamar mayafin amarya, wannan shi ne labulen da aka ce min akwai. Sannan a saman gadon daidai kan yaro ga wata ƙatuwar tagar gilashi a jikin rufin, ba labule ba komai, ramukan kusa ma suna nan alamar da can akwai abin rufewa aka cire ko ya lalace. Kuma arewa take kallo. Wanda bai san can ba ba zai gane abin da wannan ke nufi ba. Shetland tana kan layi na 60 ne a arewacin duniya, kusan daidai da Bergen ta ƙasar Norwe, a tsakiyar bazara rana takan yi kusan awa 19 a sama, ta faɗi wajen goma da rabi na dare ta ɓangaren arewa maso yamma, ta ɗan laɓe ƙarƙashin teku, kafin huɗu na asuba ta sake ɓullowa ta arewa maso gabas. Tsakanin nan ba duhu ake yi ba, wani haske ne ja-ja kamar bayan magariba da ba ya ƙarewa, su mutanen can simmer dim suke ce masa kuma alfahari suke yi da shi. Duk wannan hasken ta arewa yake zagayawa, wato ta kan tagar 'ya'yana. Ko sallar isha'i sai da muka tsaya shawara don shafaƙi ba ya ɓacewa balle ka ce ga lokacinta, Abbansu ya ce mu bi yadda ake yi a masallacinmu na Aberdeen kawai.

Daren farko sha ɗaya ta wuce yara ido biyu. Na ce a kwanta dare ya yi, na tsakiyan ya nuna min sama ya ce Umma ai ba dare ba ne. Me zan ce masa? Na ɗauko zanin gado in rataya, amma taga a karkace take, zanin sai ya sauko ya yi lilo a kan fuskarsu, abin ma ya zama wasa. Da kyar suka yi barci wajen ɗaya. Huɗu saura na ji ana jan bargona, auta ne tsaye da takalminsa ɗaya a hannu, yayarsa a bayansa tana cewa Umma kin ce in gari ya waye za mu je bakin teku, ga shi ya waye. Na kalli waya na kalli taga, wallahi kamar bakwai na safe a Kano.

Na ce to a dawo da su ɗakinmu na ƙasa, ashe shi ma labulen irin wancan ne, sai dai babu ta rufi, kuma gado ɗaya ba zai ɗauki mutum biyar ba. Na tura wa matar saƙo da safe cikin ladabi, ba ta amsa ba sai washegari da yamma, wai ta yi haƙuri abin rufe tagar ya karye tun bara tana jiran a kawo sabo, wai yawancin baƙinta suna son ganin hasken ne. Tun bara fa. Wato lokacin da nake tambayarta a Fabrairu ta sani sarai. Wannan shi ya fi ƙona min rai, da ta faɗa min gaskiya ai da na taho da labulen tafiyarmu mai mannewa a gilashi, yana nan a kabad a gida, na bar shi saboda maganarta.

Dare na biyu haka aka sake yi, kuma shi ya jawo mana asarar da har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci. Rana ta uku muka tsara zuwa Unst, tsibiri na ƙarshe a arewacin Birtaniya da mutane ke zaune, sai ka yi tuƙin fiye da awa ɗaya zuwa tashar jirgin ruwa ta Toft, ka tsallaka zuwa tsibirin Yell a jirgi kamar minti 20, ka ratsa Yell ɗin da mota, ka sake hawa wani jirgin na minti goma. Na kama mana wuri a jiragen tun daga gida. Babbar ta yi wata guda tana zancen rumfar jiran bas ɗin nan ta Unst da ake ƙawatawa da kujera da kayan ɗaki, shi kuma na tsakiyan jirgin Vikings, mayaƙan teku na zamanin da, da aka ƙera irinsa a ƙauyen Haroldswick yake son hawa. Da asuba na kalli Abbansu idonsa jawur, kwana biyu bai yi barcin awa uku a jere ba, ga hanyoyin can wasu siriri ne mota ɗaya ke wucewa, ga tumaki suna kwanciya a kan kwalta yadda suka ga dama. Na ce Abban yara ba za ka tuƙa mu a haka ba. Ya ce zai iya, na ce na san za ka iya amma ba za mu je ba. Yarinya ta yi kuka har ta gode Allah.

Ranar ce na ce abin ya isa. Muka yi rabin awa zuwa Lerwick na sayo baƙar ledar shara da salatif ɗin nan mai faɗi na ɗaure kwali, na hau kujera na lulluɓe tagar ruf na manne ta ko'ina. Ɗaki ya yi duhu, yara suka yi barci tun tara har bakwai, ni ma na yi barcin da rabona da irinsa tun kafin in haifi auta.

Daga nan gaskiya hutun ya canza, kuma ba zan ɓoye alherin wurin ba. Minti kaɗan ne daga gidan zuwa St Ninian's, wani zirin farin yashi mai tsawon kusan mita 500 da ya haɗa babban tsibirin da ƙarami, teku dama teku hagu kana tafiya a tsakiya. A kangon cocin da ke kan ƙaramin tsibirin ne wani ɗan makaranta ya tono kayan azurfa guda 28 a 1958, na ainihin suna Edinburgh, kwafinsu muka gani a Lerwick ranar da muka sauka, to tunda yarana suka ji yaro ne ya samo shikenan, da cokulan kicin ɗin matar suka yi ta haƙar yashi kwana uku, na dai wanke na mayar. Sanyi kam akwai, digiri 13 zuwa 14 da iska mai shiga ƙashi a watan Yuli, kowa da rigar sanyi da hula a bakin teku. Mun je Sumburgh Head wajen hasumiyar fitilar jiragen ruwa da aka gina a 1821, nan ne tsuntsayen puffin suke sheƙa a bakin dutse daga bazara zuwa farkon Agusta, kana leƙawa ta kan katanga ga su nan dab da kai, baki ja da ruwan ɗorawa, ɗaya ya sauka da 'yan ƙananan kifaye jere a bakinsa yana tafiya kamar alhajin da ya sha babbar riga, auta ya dinga ihu kaza, kaza. A hanyar zuwa kuma titin mota ya ratsa ta kan hanyar saukar jirgin sama, ana rufe shinge in jirgi zai sauka, aka tsayar da mu jirgi ya wuce ta gabanmu, na tsakiyan ya ce wannan ya fi komai.

Sai kuma maƙwabciyarmu, wata dattijuwa mai kaji da 'yan guntayen dawakan nan na Shetland guda biyu, yara suka sa mata Kaka. Ita ta hango baƙar leda a rufi ta tambaye ni lafiya, da na ba ta labari ta yi dariya ta tafi, can sai ga ta da kwali ta yanka daidai faɗin tagar, ta ce a cusa shi cikin firam ɗin zai zauna da kansa ba sai da salatif ba, ta haɗo mana da ƙwai shida masu ɗumi. Na dafa mata dafa-duka na rage yaji, ta cinye tana share hawaye tana cewa a ƙaro. Ranar da za mu taho a raina na riga na yafe, na ce tauraro huɗu zan ba gidan, in dai faɗi maganar taga a layi ɗaya in wuce.

Kwana biyar da dawowarmu sai ga saƙo da hotuna. Wai salatif ya ɗaye fenti a gefen tagar, ta cire fam 90 daga kuɗin ajiyarmu. Ban musa ba, ya ɗaye, wuri uku kowanne bai kai tafin hannun auta ba, kuma da na san dabarar kwali tun farko da ban manna ba. Amma haba baiwar Allah, wa ya sa ni hawa kujera da leda? Kin saka a talla gida ne da ya dace da masu ƙananan yara, har da gadon jariri da kujerar cin abincin yara a hoto, kin san tagar a buɗe take tun bara, na tambaye ki kin kewaye, na yi asarar dare biyu da tafiyar Unst, ko ki ce min sannu ba ki yi da kyau ba, amma fenti kwana biyar ya ishe ki ki ɗauki hoto ki yi lissafi. Na tura mata hoton saƙonta na Fabrairu, ta ce ai ba ta yi ƙarya ba, akwai labule. Abbansu ya ce in bar ta da Allah, fam 90 ba za ta talauta mu ba. Na ce Abban yara ba kuɗin ba ne, rainin hankalin ne. Na kai ƙorafi ta shafin da muka kama gidan, har yau ana ce min ana dubawa.

Don haka tauraro biyu, ɗaya na yashin St Ninian's ɗaya na Kaka, kuma duka biyun ba mai gidan ce ta samar da su ba. Shetland kam za mu koma insha Allahu don bashin Unst yana kaina, babbar ba ta bari in manta, amma ba wannan gidan ba. Wanda ya riga ya biya kuma ba yadda zai yi, ya duba bayan kabad ɗin ɗakin sama, na bar kwalin Kaka a can, gefen da aka rubuta sunan kamfanin abincin kaji shi ke kallon waje.