Fomatin ko gyara? Ga wanda kwamfutarsa ta ƙi tashi bayan an ɗauke wuta

Ɗan'uwa da ka yi tambaya kan destof ɗinka, ka ce kana cikin aiki NEPA suka ɗauke wuta, da aka dawo da ita ka kunna, fanka na juyawa, tambarin Windows na fitowa, ɗigo-ɗigon nan su yi ta zagaye can sai sikirin ya koma shuɗi ta sake kunna kanta, kuma mai gyara ya ce a yi mata fomatin, wato a goge a sa sabon Windows, kawai a huta. Kana so ka san wanne ya fi, fomatin ɗin ko a gyara Windows ɗin da ke ciki.

Tukunna dai, tunda har tana kaiwa tambarin Windows to fawa fak ɗinka, wato akwatin da ke rarraba wuta a cikin kwamfutar, da ransa. Wanda tasa ko fanka ba ta motsi, ba fitila ba komai, shi maganar fomatin ma ba ta taso ba, ya zare waya daga soket ya danne maɓallin kunnawa kamar sakan 30, ya mayar ya gwada, in shiru ne a ara masa wani fawa fak a gwada, don yawanci ba ɗaukewar wutar ke ƙona shi ba, dawowarta da ƙarfi ne.

Kai naka da alama Windows na cikin rubuta wani abu a had disik wuta ta yanke, musamman in tana sabunta kanta a lokacin ba ka sani ba, sai fayil ya tsaya rabi da rabi.

To ga yadda suke. Fomatin sauri gare shi, cikin awa ɗaya an gama ka ɗau kayarka, shi ya sa masu gyara ke son shi, ga layin kwastoma na jira. Amma duk abin da ke C, wato ɓangaren disik da Windows ke zaune, ya tafi, da na Desktop da Documents da hotuna, manhajojin da ka saka sai an sake sakawa, direban firinta, wato manhajar da ke sa ta aiki, sai an sake nema, sannan ka ƙona data wajen sabuntawa. Kuma kar wani ya ce maka ai za a dawo da fayilolin daga baya, sabon Windows ɗin a kan wasunsu ake rubuta shi, in kuma SSD ne, wato sabon nau'in disik mai sauri, sai dai haƙuri, da wuya ka ga ko ɗaya.

Gyara kuwa yana cin lokaci kuma ba lallai ya yi ba, amma in ya yi komai naka na nan yadda ka bar shi. Windows 10 da 11 in suka kasa tashi sau biyu a jere, a na uku da kansu suke shiga Automatic Repair. Daga nan ka shiga Advanced options, Troubleshoot, sai kuma Advanced options, ka fara da Startup Repair. In ya ce ya kasa, gwada Uninstall Updates ko System Restore. In duk ba su yi ba sai Command Prompt, baƙin shafin da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta chkdsk C: /f ya gyara tsarin fayilolin. Lura fa, a wannan wajen wani lokaci Windows ɗinka ba ya C, ya koma D, rubuta dir D: ka duba inda fulda mai suna Windows take kafin komai. In fayilolin tashi ne suka lalace bcdboot C:\Windows na sake gina su, harafin dai ka sa wanda ka gano. In ma wannan shafin gyaran ya ƙi fitowa, nemi filash mai 8GB a haɗa maka Windows a kai, ka tashe ta da shi, amma ka danna Repair your computer ba Install now ba.

Abin da mutane ba sa faɗa, kar ka fara chkdsk kana kan wutar NEPA tsirara. Musamman in ka ƙara masa /r, wanda ke bin disik ɗin gaba ɗaya, a babban had disik yana iya cin awanni, wuta ta sake yankewa a tsakiya ɓarnar ta fi ta farko. Bari sai kana kan sola, ko janareta mai isasshen mai.

Akwai kuma inda duk biyun ba su ne maganin ba. Tsofaffin destof ɗin nan 'yan Beljiyam da yawa batirin bod ɗinsu, wato babban allon da ke cikin akwatin, ya mutu, ɗan zagayayyen nan mai kama da kwabo, CR2032. Muddin waya na jone da wuta ba za ka gane ba, ranar da wuta ta yanke BIOS, wato manhajar bod da ke fara tashi kafin Windows, ya manta saitinsa. Shiga BIOS ɗin ka duba, da zarar ka kunna ka danna F2 a Dell, F10 a HP, in ka ga kwanan wata ya koma shekarun baya to ga ɓarawon nan. Wani lokaci saitin SATA, wato yadda bod ke magana da disik, shi ne ke juyawa tsakanin AHCI da RAID, sai Windows ta buga shuɗin sikirin ta rubuta INACCESSIBLE BOOT DEVICE. Mayar da shi yadda yake, canza batir, shikenan ta tashi. Wanda ya yi fomatin a nan ya zubar da fayilolinsa a banza wallahi.

In kuma ka kara kunne a jikin akwatin kana jin ƙat, ƙat, ƙat daga had disik, ko BIOS ba ya ganinsa ma sam, kashe ta. Kar chkdsk kar fomatin, disik ɗin ne ke mutuwa, duk kunnawar da ka ƙara yi rage masa kwana kake.

Ni dai a ganina kar ka yarda da fomatin sai an kwashe maka kayanka ka gani da idonka. Ba wuya, a cire disik ɗin a jona a wata kwamfuta, ko a tashe ta da filash ɗin Ubuntu, wata babbar manhaja irin Windows, a kwafe fulda mai suna Users zuwa wani waje. In disik ɗin na kulle da BitLocker, makullin disik na Windows, zai nemi lambobi 48, galibi suna cikin asusun Microsoft ɗin da ka shiga da shi, duba ta wayarka kafin ka je shago. Bayan nan a gwada gyaran. In ya ƙi akwai na tsakiya, Reset this PC ka zaɓi Keep my files, manhajoji za su tafi amma takardunka na nan. Fomatin shi ne na ƙarshe.

Kuma in ta tashi ka daure ka sayi UPS, na'urar nan mai batir a ciki, ko ƙarami ne mai 650VA, sitabilaiza daidaita wuta kawai take, ana ɗaukewa ita ma ta mutu, UPS ne zai ba ka 'yan mintunan da za ka adana aiki ka kashe ta yadda ya kamata.

Yanzu dai sake kunnawa ka ɗau hoton shuɗin sikirin ɗin da waya, akwai rubutu da manyan baƙaƙe a ƙasa, turo mana mu ga me ya ce.