Tsofaffin kaji ya sayar min a kan naira 180,000

Jama'ar Jos, ku zo ku ji abin da wani marar tsoron Allah ya yi min. Naira 180,000, kuɗin adashina kaf, na tura masa a kan kaji 20, kowace 9,000. Wai 'yan sati 18 ne, saura ƙiris su fara ƙwai.

Kada wanda ya ce min ban bincika ba. Na tambaya, ya turo bidiyo ta WhatsApp, kaji jajaye masu sheƙi. Kuma na taɓa kiwon kajin Hausa, ni ba baƙuwar kaza ba ce. Da magariba ya kawo su a keke napep, ba wuta a unguwa, ya ce, "Hajiya, ke dai nemi kiret kawai." Har yanzu maganar nan na min yawo a kunne. Har ruwa na ba shi ya sha.

Sati shida, buhun abinci uku, ƙwai huɗu ko biyar a rana, gashi kuwa sai zuba yake. Na manta ban faɗa ba, washegarin kawo su na tsinci ƙwai uku manya-manya, na yi ta murna har na kira yayata. Ashe shaidar ke nan a hannuna. Budurwar kaza da ɗan ƙaramin ƙwai take farawa.

Baba maƙwabcinmu, da ya daɗe yana aikin gonar kaji a wajen Bukuru, shi ya ɗaga guda ɗaya ya ce, "'Yata, dubi ƙafar nan." Fara fat, ga kaushi, bakin ma ya koɗe. Ya ce wadda ba ta fara ba ƙafarta da bakinta ruwan ɗorawa ne, sumul, sai ta yi watanni tana ƙwai launin ke zarewa. Waɗannan irin waɗanda gona ke fitarwa ne bayan kamar shekara ɗaya da rabi, a sayar wa masu yanka da araha. Su na saya 9,000. Dubu tara!

Ku duba ƙafa da baki, da rana tsaka, kafin ku tura ko sisi.

Na kira mai kajin, ya ce sanyin Jos ne ya hana su ƙwai. Yanzu ya toshe lambata. Hotunan hirarmu da shaidar tura kuɗin duk suna wayata, anjima zan saka su. Maigidana ma 100,000 na ce masa na biya.