But ko kambas: wanne ya fi dacewa da doguwar tafiyar ƙafa?

Ɗan'uwa, ka tambaya wanne za ka saya tsakanin but na fata mai rufe idon sawu da kambas mara nauyi na bin daji, tunda tafiyar makonni ce a gabanka. Ni dai kambas zan ce, sai dai in kayan da za ka goya suna da nauyi sosai, ko hanyar ta duwatsu ce ga sanyi.

Dalilina na farko nauyi. But na fata, ƙafa biyu, yakan haura kilo 1, kambas kuwa wajen giram 600, ga shi ƙafa sau dubbai take ɗaga shi a wuni. Shi ya sa yawancin masu bin hanyar Appalachian ta Amurka, mai kusan kilomita 3,500, kambas suke sawa yanzu. Aibinsa saurin mutuwa: daga kilomita 500 zuwa 800 ƙasansa ya suɗe. But yana shekaru, wani ma ana sake masa ƙasa.

Ta fannin ruwa mutane suna ruɗuwa. But mai Gore-Tex, wato shafin ciki mai hana ruwa shiga, yana tare raɓa da caɓi, amma in ruwa ya kwararo ta sama, ko gumi ya taru, ba ya bushewa da wuri. Kambas mai raga nan da nan zai jiƙe, nan da nan kuma ya bushe kana cikin tafiya. Jiƙaƙƙiyar fatar ƙafa ita ce ta fi saurin yin bororo.

Amma ko wanne ka ɗauka, in bai zauna maka ba ka yi asara. Ƙafa tana kumbura in ta sha tafiya, don haka da yamma za ka gwada, da irin safar da za ka yi tafiyar da ita, ta ulu ba ta auduga ba. Ka gwada ƙafa biyun, domin da wuya su zo daidai, ka bi babbar. Tsakanin yatsan da ya fi tsawo da bakin takalmi a sami faɗin babban yatsan hannu; sau da yawa sai an ƙara rabin lamba ko lamba guda. Ɗaure igiya ka taka gangare. In yatsu suna bugun gaba, farce ne zai yi baƙi ya fita. In dunduniya tana ɗagawa, bororo na tafe.

A nan ma sun bambanta. Kambas da ya yi daidai yau, gobe sai hanya. But sai ka yi makonni kana sa shi kafin ya yi laushi. Kada dai mai sayarwa ya ce maka zai buɗe: fata takan saki kaɗan ta faɗi, amma tsawonta ba ya ƙaruwa.